Taswira a Kan Rairayi: Kwana Biyu a Deule

Motar Buza ba ta bar tashar Madawa ba sai da rana ta take tsaka. Tun da hantsi ɗan kamasho ke rantsuwa saura mutum biyu, kuma bai yi ƙarya ba. Abin da ya ɓoye shi ne kowane mutum guda zai zo da kayan mutum biyar. Ƙarshen bazara ne, lokacin da 'yan biɗa ke kwararowa gida kada ruwan shuka ya sauka ba su nan. Kafin a gama ɗaurin kaya, lodin da ke bisa ya fi motar kanta tsawo: katifa biyu, keke, farantin sola, buhunan garin rogo, sai jakunkunan nan na leda masu zanen gida-gida ja da fari da shuɗi, waɗanda daga Legas har Agadas ake kira gana-mas-go.

Baƙon da aka matse a bayan direba, gwiwa a ƙirji, marubuci ne mai bin labarin zane-zane da finafinai, kuma wani ƙaiƙayi ne ya fito da shi daga gida. Shekara goma sha ke nan manyan zaurukan baje kolin fasaha na Turai suna cike da hotunan baƙin haure: kwalekwale, waya mai ƙaya, hannaye ta tsakanin ƙarafa. A 2024 babban bikin baje kolin birnin Venis na Italiya takensa ma cewa yake baƙi suna ko'ina, fadar Fafaroma kuwa ta kafa nata zauren a cikin kurkukun mata na tsibirin Giudecca, fursunonin ne ke zagayawa da masu kallo. Shi so yake ya je inda tafiya ta zama gadon kaka da kakanni, ya ji yadda masu abin ke ba da labarinsa da kansu. A Nijar kuwa, in an taɓo wannan magana, Adar ake nunawa da baki.

Jakar gana-mas-go ma da tarihinta. A watan Janairun 1983 gwamnatin Shehu Shagari ta ba baƙin da ba su da takardu mako biyu su bar Najeriya. Wajen mutum miliyan biyu suka kama hanya, kusan rabi 'yan Gana, da 'yan Nijar da Cadi da Togo a cikin sauran, kowa ya cusa abin da hannunsa ya kai a wannan jaka, suna ya bi ta. Wasu na cewa ramuwar gayya ce, domin a 1969 gwamnatin Busia ta yi wa baƙi irin wannan kora daga Gana, har da 'ya'yan zango da aka yanke wa cibi a can. Yau jakar ta yi arziki. Dan Halter, ɗan Zimbabuwe mazaunin Afirka ta Kudu, ya daɗe yana ayyukan fasaharsa da ita, kamfanin Louis Vuitton ma ya fito da kwatankwacinta a 2007 da tsadar da mai ita na asali ba zai yarda ba ko an dafa masa Alƙur'ani. Ta tsohon da ke kusa da baƙon kuwa zif ɗinta ya mutu tun a wata ƙasa. An ɗinke bakinta da zaren buhu, an naɗe cikinta da salatif har sau uku, an rubuta sunan ƙauye da baƙin fenti a gefe biyu. Ya ƙi yarda a ɗora ta bisa. A cinya ya riƙe ta har Buza.

Daga Madawa hanya ta miƙa arewa, ƙasa ta fara tashi. Adar tudu ne na baƙin dutse da jan marmara wanda kwaruruka suka tsattsaga, rayuwa duk tana cikin kwari. A kwarin Majiya, cikin ƙasar Buza, akwai layukan dogon yaro bibbiyu da suka ratsa gonaki, waɗanda ƙungiyar CARE da ma'aikatan gandun daji suka fara dasawa a 1975 don su tare iskar da ke kwashe ƙasar noma. A bakin garuruwa kuma ga rumbunan laka masu ƙaton ciki kamar tulu, wani ya fi ɗakin kwanan mai shi girma. Mai kyamara ba ya wuce su.

Sai dai girman rumbu daban, cikarsa daban. Damina wata uku ce ko huɗu in ta yi kirki, geron da gida ya noma sau da yawa ba ya kai shi wata daminar, albasa kuwa sai mai fadama. Saboda haka da an ɗaure damma an zuba a rumbu, maza su ɗaure jaka. Wasu su ce cin rani, wasu su ce biɗa, 'yan lakwal su ce ekzod. Lokacin da aka buɗe babban aikin farfaɗo da ƙasa na Kaita a 1984, da kuɗin Italiya da hannun hukumar FAO, bayan farin da ya gigita Sahel, aka nemi masu jera dutse da haƙa ramukan shuka a ba su abinci ladan aiki, mafi yawan waɗanda suka fito mata ne. Mazan suna Abijan, suna Legas, suna Kamaru. Miliyoyin itatuwan da aka dasa a tuddan nan da kan mata aka ɗauko dutsen da ya tare musu ruwa.

La'asar sakaliya suka sauka Deule, ƙaramar hukuma ce ta karkara tsakanin Buza da Kaita. Mai masaukin baƙon dattijo ne mai farin gemu, ya tarye shi a zaure.

"Sannu da hanya, malam. Ƙaƙa gajiya?"

"Ba gajiya, Baba. Mun same ku lafiya?"

"Lahiya lau. Ke, kawo ma baƙo hura."

Dattijon ya yi shekarun ƙarfinsa a Abijan yana sayar da garba. Wanda bai san Kwaddibuwa ba sai ya ɗauka sunan mutum ne, kuma da gaskiyarsa. Garba abinci ne: aceke, wato dambun rogo, da soyayyen kifin tuna, da yankakken barkono da albasa da ɗan mai. 'Yan Nijar ne suka yi fice wajen sayar da shi a bakin titi, da yawansu sunansu Garba, har sunan ya koma kan abincin. Yau ɗalibi da ɗan dako da ma'aikacin banki a Abijan duk garba suke ci, suna alfahari da shi a matsayin abincin ƙasarsu. Rogon nasu ne, kifin na tekunsu, sunan na Bahaushe. Dattijon ya yi dariya ya ce shi kansa shekara ashirin ana kiransa Garba, alhali ba haka ubansa ya raɗa masa ba.

Bayan isha'i aka shimfiɗa tabarmar kaba a ƙofar gida, irin wadda Madawa ta yi suna da saƙarta, wani saurayi ya hura gawayi ya ɗora shayi. Cikin waɗanda suka zo gaida baƙo akwai ɗan ƙanen dattijon, mai shekara talatin da 'yan kai, wanda bai fi wata biyu da dawowa daga Libiya ba. Da aka tambaye shi hanya bai tsaya dogon bayani ba. Ya share rairayi da tafin hannu, ya karyi karan gero, wani yaro ya haska masa fitilar waya. Ya ɗiga Tawa. Ya ja layi zuwa Abalak, zuwa Agadas. Daga nan karan ya yi doguwar tafiya ba ɗigo ko ɗaya, sai Dirku, Sigidin, Madama, Tummo, Gatrun, Sabha. Yana ja yana faɗin abin da ke kowane zango: inda ake sayen jarka a ɗinke ta cikin buhu don ruwa ya yi sanyi, inda ake soka sanda tsakanin kaya a bayan Hilux mutum ya rungume ta da cinyoyi kada gyangyaɗi ya jefar da shi, inda ake biyan kuɗin shinge.

Baƙon ya taɓa ganin irin wannan hannu. Bouchra Khalili, haifaffiyar Kasablanka da ta yi karatu a Faransa, ta yi wani aiki tsakanin 2008 da 2011: bidiyo takwas, kowanne ba ya nuna komai sai taswira da hannun mutum riƙe da alƙalami yana zana hanyar da ya bi, murya na bayani, fuska ba a gani. An nuna shi a gidan baje kolin fasaha na MoMA da ke birnin New York a 2016, aka sake kafa shi a Venis a 2024. Aiki ne mai kyau ƙwarai, kuma ɓoye fuskar nan ita ce gishirinsa, don mai kallo ba ya samun fuskar da zai yi wa kaico ya wuce. Dole ya bi layi har inda ya tsaya. Ga shi yanzu ana yi masa irinsa kyauta, da karan gero, ƙofi na uku na shayi na tafasa.

Karan ya tsaya wani wuri bayan iyaka. Mutumin ya danna babban yatsa a rairayi har ya yi rami.

"Nan anka riƙe mu. Wata huɗu."

"Hukuma ce ta kama ku?"

"Wace hukuma, malam? Gidan bashi."

Hausa ba ta rasa sunan wurin tsare mutum ba. Akwai gidan yari na sarauta, akwai kurkuku. Turawan Ingila suka bar wa Kano da Zariya kalmar fursuna, na Faransa suka bar wa Tawa da Maraɗi kaso, daga sunan da suke kiran ɗakin duhu. Gidan bashi kuwa hanyar Libiya ce ta haife shi. Mutum ya hau mota bisa alkawarin zai biya in ya isa ya yi aiki, ko kuma a tare motar a hanya. A kulle shi a wani gida, a miƙa masa waya ya kira danginsa, ana dukansa suna ji. Ba alƙali, ba wa'adi, ranar fita ita ce ranar da kuɗi suka iso. Duniya ta yi ca a watan Nuwamban 2017 da tashar CNN ta nuna ana gwanjon mutane a Libiya, amma a garuruwan Adar labarin ya riga kyamara isowa, ta wayar tsakar dare. Shi ɗan ƙanen dattijon, sa biyu aka sayar aka jinginar da gona. Dattijon ya yi gyaran murya a daidai nan, ya ce wa mai shayi sukari ya yi yawa.

Sai mutumin ya zare wani abu daga wuyan hannunsa ya miƙo. Igiya ce siririya, launin toka, an murɗa ta da zaren da aka zare daga bargo, an ƙulla mata ƙulli talatin da uku, na ƙarshe ya fi sauran girma. An ƙwace masa tasbaha ranar farko, ya yi wannan cikin mako guda, da haƙori da farce. Ƙullin sun yi santsi sun yi baƙi don ja. Baƙon ya juya ta a hasken waya, zuciyarsa na raya masa yadda za ta zauna cikin akwatin gilashi da 'yar takarda a ƙasa, sai kunya ta kama shi, ya mayar wa mai ita.

Abin da ya biyo baya shi ne darasin daren. Karan bai juyo gida daga ramin ba. Ya ƙara gaba kaɗan, zuwa wani lambu inda mutumin ya yi shekara guda da rabi yana ban ruwa har ya tara abin fansar gonar, sannan layin ya lanƙwaso, ya bi sawunsa, ya dawo kan ɗigon farko. Taswirar Deule zobe ce. Yawancin layukan Khalili a wani birnin Turai suke ƙarewa. Fim ɗin Io Capitano na Matteo Garrone, wanda ya ci kyauta a Venis a 2023 ya kuma shiga takarar Oscar, ya bi samari biyu daga Dakar ta Agadas, ta gidajen azabar Libiya, ya rufe da ganin gaɓar Sisili. Haka idon Turai ke ganin lamarin: kibiya mai nuna arewa, tsininta a ƙofar gidansu. Alhali shekaru da dama alƙaluman hukumar kula da ƙaura ta IOM na sa 'yan Nijar a sahun gaba cikin baƙin da ke Libiya, amma ba kasafai ake jin su cikin masu hawa kwalekwale ba. Ba'adare teku bai dame shi ba. Lissafinsa na ga hadarin gabas.

Wannan karkatar ido ba a zauren baje koli ta tsaya ba, ta shiga doka. A watan Mayun 2015 Nijar ta kafa doka mai lamba 2015-36 kan safarar baƙin haure, Tarayyar Turai na tafa mata. Da aka fara aiki da ita gadan-gadan a 2016, aka kama direbobi a Agadas aka kai su kaso, aka tsare motocinsu, sauran suka bar babbar hanya da rijiyoyinta suka shiga jejin da ba mai ceto. Sana'ar da ake yi da rana tsaka, da rakiyar soja kowace Litinin, ta koma laifi. Gwamnatin Janar Abdurahaman Tiani ta soke dokar a Nuwamban 2023, ta shafe hukuncin da aka yanke a ƙarƙashinta. Ta ɓangaren Aljeriya kuwa har yanzu ana sauke mutane a tsakiyar hamada su taka wajen kilomita 15 zuwa Asamaka, kuma kusa da wannan iyaka ne aka tsinci gawa 92 a watan Oktoban 2013, yawanci mata da yara daga Kance. Ursula Biemann, 'yar Suwizalan, na cikin 'yan kaɗan da suka zo da kyamara tun kafin abin ya zama yayi. Aikinta Sahara Chronicle, na 2006 zuwa 2009, ya zauna a tashar manyan motoci ta Agadas ya kalli tafiyar a matsayin kasuwa mai dillalai da ƙa'idoji.

Hanyar dai tsohuwa ce, kamun mutum a kanta ma haka. Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, wanda aka buga a 1934, labarin yaro ne da aka sace aka ƙetare Sahara da shi, ya girma hannun Balarabe ya zama malami, uwarsa ta bi sawunsa ita ma ta faɗa bauta. Adamu Halilu ya mai da shi fim a 1976, aka gyara tsohon faifan aka nuna a Balin a 2018. Duk ɗan makarantar da ya karanta shi ya san mutum mai gida biyu tun kafin masana su raɗa wa abin suna.

Da safe awaki sun tattake taswirar. Dattijon ya zaga da baƙonsa cikin gari yana karanta masa gidaje kamar allo. Wancan mai ƙofar ƙarfe shuɗiya da tauraro, kuɗin Libiya ne. Wancan mai baranda da bulo mai huji-huji, Abijan. Ga wani an kai linta an tsaya, ciyawa ta fito a tsakar ɗaki. Mai shi na cikin dubun dubatar da suka gudo a 2011, shekarar da yaƙin Libiya da rikicin zaɓen Kwaddibuwa suka haɗu suka rufe wa Adar ƙofa biyu lokaci guda. A cikin ɗakuna kuma ga hotuna a bango: saurayi da tabarau ya dafa motar da ba tasa ba, wani an manna shi da kwamfuta a gaban dogon bene. Ba wanda ya ɗauki hoto a lambu da tiyo a hannu. Na gidan bashi kuwa ko a baki ba a cika so ba. Siminti da kwano su ne shaidar cewa tafiya ta yi kyau, ko da ɗakin zai zama tanda a watan Afrilu, tsohuwa ta kwashe shimfiɗarta ta koma ɗakin laka.

Wannan ya tuna wa baƙon Dandaji, wani gari a jihar Tawa da ya biya ta cikinsa kafin ya zo. Can ma wadda ta yi tafiya ce ta dawo ta yi gini, sai dai nata zaɓin ya sha bamban. Mariam Issoufou an haife ta a Faransa, ta girma a Nijar, ta karanci kwamfuta a Amurka ta yi aiki da ita, sannan ta koma aji ta koyi zanen gine-gine a jami'ar Washington. Ita da abokiyar karatunta Yasaman Esmaili, 'yar Iran, suka tarar ana shirin rushe tsohon masallacin garin don a yi sabo. Masallacin kuwa aikin Alhaji Falke Barmu ne, maginin da masallacinsa na Yama ya ci kyautar Aga Khan a 1986. Suka shawo kan jama'a aka bar shi, aka gyara aka mai da shi ɗakin karatu, aka gina sabon masallaci mai ɗaukar mutum dubu a gefensa da tubalin jar ƙasa da aka matse da inji, magina na gargajiya na cikin aikin. An gama a 2018, sunan wurin Hikma. Abin dariya ne kuma abin tunani: wanda ya je Sabha ya dawo yana ƙyamar laka, wadda ta je Amurka ta dawo tana roƙon a bar ta. Amma kada a yi saurin yi wa ɗan biɗa dariya. Ita ba ta da wanda za ta nuna wa cewa ba ta dawo hannu rabbana ba. Shi kuwa gari duka na kallon ƙofarsa.

Mai shayin jiya ya biyo su yana jin kiɗa a waya. Shekararsa goma sha tara, a unguwar Ajame ta Abijan aka haife shi, aka kawo shi gida yana ɗan sha biyu don ya san dangi ya yi karatun allo. Yana jin Julanci da Faransancin titi, Hausarsa kuma har yau da ɗan gargada. Can, ɗan Nijar ake ce masa; ubansa ya sha ɓuya daga masu tambayar katin zama, wanda aka ƙaƙaba wa baƙi a farkon shekarun 1990 ba a ɗage wa 'yan Afirka ta Yamma shi ba sai 2007. Nan kuma sunansa ɗan Abijan. In ƙwallo ake tsakanin ƙasashen biyu, ya ce, shiru yake yi. Kiɗan da ke wayarsa na Mdou Moctar ne, Ba'abzinen arewacin jihar Tawa mai kaɗa gita da hagu, wanda shi ma ya taɓa cin rani a Libiya, ya naɗi faifansa na farko a Sakkwato a 2008 da muryar inji irin ta waƙoƙin finafinan Hausa, waƙoƙin suka yaɗu daga waya zuwa waya kafin wani kamfani ya san da shi. Juyin mulkin Yulin 2023 ya riske shi yana wasa a Amurka, iyaka ta rufe, ya zama baƙon dole na ɗan lokaci.

A dare na biyu baƙon ya ga ya kamata shi ma ya kawo nasa goron. Ya jingina waya jikin butar shayi ya kunna musu fim ɗin da ya girmi kowa a wurin ban da dattijon.

An daɗe da fara ba da labarin tafiyar 'yan Nijar a fim, abin da ake yawan mantawa ke nan. A 1957 Jean Rouch ya tarar da wasu samari 'yan Nijar suna dako a unguwar Treichville ta Abijan, ya yi fim da su, Moi, un noir, wanda ya ci kyautar Louis Delluc ta 1958. Samarin sun ari sunayen taurarin sinima suna kiran juna da su: wannan Edward G. Robinson, wancan Eddie Constantine. Kafin fim ya ƙare Constantine ya yi faɗa da ɗan sanda an ɗaure shi wata uku. Baƙunci, suna biyu, kaso: duk abin da ake taruwa a Venis a tattauna yau yana cikin wannan faifai. Robinson ɗin nan shi ne Oumarou Ganda, wanda ya shiga sojan Faransa yana ɗan sha shida aka kai shi yaƙin Indocin. Da ya karɓi kyamara da kansa sai ya yi Cabascabo, labarin tsohon soja da ya dawo gida abokai suka cinye masa kuɗi suka watse. Aka nuna shi a bikin finafinai na Kan a 1969, a 1972 kuma Ganda ya zama na farko da ya ɗauki babbar kyautar bikin finafinai na FESPACO a Wagadugu. Rouch tafiya ya ɗauka. Ganda, da yake ɗan gida ne, ya san inda gizo ke saƙa: ranar dawowa, da idon mutane.

Wanda aka kunna a Deule dai na Moustapha Alassane ne, Le Retour d'un aventurier, na 1966. Alassane kusan ɗan gida ne a nan, don a Tawa ya yi zamansa na ƙarshe, yana riƙe da otal, ya mai da wasu ɗakunan wurin haɗa finafinan zane da 'yan tsana, har rasuwarsa a watan Maris na 2015. MoMA ta yi bikin tuna ayyukansa a 2017. Labarin gajere ne. Saurayi ya dawo daga Amurka da akwati cike da kayan kaboyi, ya raba wa abokansa huluna da takalma da bindigogi, kowa ya ɗauki sabon suna, wannan Black Cooper, waccan Reine Christine, suka hau dawaki suka addabi gari da faɗa da ɓarna. Wadda ta fito a Christine, Zalika Souley, ta sha zagi a Yamai saboda fitowa a fim, daga baya ita ma ta yi ƙaura zuwa ƙasar waje tana aikin gida. Rahmatou Keïta ta ba da labarinta a fim ɗin Al'lèèssi.

Kawuna wajen goma sha biyar suka haɗu kan allon da bai fi tafin hannu ba. Inda aka yi Faransanci, ɗan Abijan ya fassara, yana ƙara nasa gishiri, kuma a daren nan ba wanda ya yi wa Hausarsa dariya. Da kaboyin farko ya fito da faffaɗar hula yana tafiya ƙafa a buɗe, wuri ya kaure. Kowa ya san shi. Wani ya ce wane ne sak, shekarar da ya dawo daga Kamaru da kwat cikin zafin bazara yana gaida mutane da bonju. Wani ya ce ai har yau akwai mai amsa sunan Kaddafi a bayan kasuwa. Mutumin Libiya ya yi dariya har da riƙe ciki, igiyarsa na lilo a wuyan hannu.

Dattijon bai yi dariya sosai ba, kallo yake da natsuwa. Da aka gama ya miƙa wa baƙon wayarsa, ya ce:

"Malam, wanga yaro da ya komo, ya kawo ma uwatai wani abu, ko huluna ɗai ya kawo?"

Baƙon ya ce fim ɗin bai nuna ba. Dattijon ya kaɗa kai, ya ce to a tashi, dare ya yi.

Kafin asuba iska ta juya, aka ji ƙanshin ƙasa daga gabas. Da gari ya waye mata na fito da iri daga rumbu a ƙwarya, maza na gyara ƙotar sungumi, mutumin Libiya na cikinsu, zai shuka gonar da ya fanso. Motar Kaita ta zo da wuri, ba ɗan kamasho, ba rantsuwa. Fasinja huɗu ne, a bisanta kuma ba komai sai tayar safaya da akuya guda a ɗaure.